'Yar Maraɗi Ta Daina Kallon Sama

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wata kunya kuma wadda ta fi baƙin cikin nauyi, Malam Zunnuraini Isah, tsohon ma'aikacin lafiya a bakin iyakar Jibiya, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na nan gida da na ƙetaren iyaka, rasuwar na'urarsa ta auna zafi, wadda shi yake kira 'Yar Maraɗi, mutanen gari kuma suke kira bindigar Malam. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a hannunsa, a tsakar gidansa da ke bayan tashar manyan motoci, bayan doguwar jinyar ido wadda da fari mai ita bai gane ba, da ya gane kuma ya ɓoye. Shekararta goma sha ɗaya tana aiki.

An tuntuɓi limamin unguwa kan ko ya halatta a yi wa roba da waya sanarwar rasuwa. Ya ce salla dai babu, likkafani babu, amma baƙin ciki ba a hana mutum shi, kowa ya san abin da ya rasa. A kan wannan fatawa aka rubuta takardar nan.

Ba a san ranar haihuwar marigayiya ba, ba a kuma san mahaifanta ba, don rubutun da ke bayanta ƙanana ne, da Faransanci kuma aka yi shi. Abin da aka sani shi ne ta shigo ƙasar nan a shekarar da aka yi fargabar cutar Ibola, lokacin da aka ce duk mai tsallake iyaka sai an auna goshinsa. Na'urar da aka ba Malam a wurin aiki ta ƙi tashi wata ranar kasuwa, layi ya miƙe har ba a ganin ƙarshensa, rana tana dukan mutane, shanu suna kuka a cikin motoci. Sai wani direban babbar mota, mutumin Maraɗi, mai suna Habibu, ya sauko da wani abu ruwan ɗorawa mai mariƙi kamar na ƙaramar bindiga, ya miƙa masa.

"Malam, amshi wagga," in ji shi. "Tayar kamyo, babbar motata, nika aunawa da ita, amma goshin mutum bai hi taya wuya ba. Pil guda taka ci, batir ke nan, shi ma sai ta ga dama."

Malam ya karɓa da niyyar aro na wuni ɗaya. Habibu bai sake tambayarta ba, Malam kuma bai sake tuna masa ba.

Halayenta na gari ba sa ƙirguwa. Ba ta da yawan magana. In ka matsa mata kunama sai ta ɗora ɗan jan ɗigo a goshin mutum, ta ce "tit", ta nuna lamba, ta yi shiru. In zazzaɓi ne sai ta ce "tit-tit-tit", ba ta ƙara ko ɗaya. Ba ta san Alhaji ba, ba ta san ɗan dako ba. Ba ta taɓa tambayar mutum takardarsa ba, ba ruwanta da ko da naira ya kwana ko da sefa. Ta auna fataken gero da masu tura jarkoki, ta auna 'yan kabu-kabu, ta auna amarya a bayan mota an lulluɓe ta, ta taɓa auna wani bijimi saboda mai shi ya rantse ba zai matsa ba sai an auna. Aibinta ɗaya, shi ma Malam ya saba da shi: da yake don taya aka yi ta, lambarta takan gaza ta asibiti kaɗan. Goshin mai lafiya a wurinta talatin da biyar ne.

Tsofaffi mata sun fi kowa jin tsoronta. Wata daga wajen Riko, da ta ga an ɗaga mata abu mai kama da bindiga, sai ta runtse ido ta kama kalmar shahada da ƙarfi. Aka yi ta dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don kowa ya san abin da tsohuwar ta gani a ƙauyensu kafin ta zo nan. A yankin da aka san bindiga ta gaske, ita kaɗai ce ake auna mutum da ita ya koma gida da ƙafarsa.

An rufe iyaka tana nan, an buɗe tana nan. Cutar Korona ta zo, ta koma bakin aiki ba ta ce ta gaji ba.

Aikinta na farko ya ƙare ne a cikin gida. Shekara biyar da suka wuce, a ƙarshen rani, zazzaɓi ya kama Sa'adatu, matar Malam, uwar 'ya'yansa, wadda suka yi shekara talatin da ɗaya tare. Kwana huɗu ya yi yana auna goshinta, marigayiya tana cewa "tit-tit-tit", shi kuma yana jiƙa tsumma. A rana ta huɗu da la'asar Sa'adatu ta cika. Abin da Malam bai taɓa faɗa wa kowa ba sai a makon nan shi ne, kafin ya kira matan unguwa, ya sake aunawa, don bai yarda ba. Ta ce talatin da biyar. Har ya fara murna, ya ce zazzaɓi ya sauka. Ya sake aunawa, talatin da huɗu. Ya zauna a bakin gado yana matsa kunama, yana kallon lamba tana sauka ɗaya bayan ɗaya, har maƙwabciya ta shigo ta zare abin daga hannunsa.

Daga ranar bai sake ɗora jan ɗigon a goshin ɗan Adam ba. Bai daɗe ba ya ajiye aiki.

Washegarin sadakar bakwai, masu zaman makoki sun watse, yana zaune a tsakar gida rana ta fara ɗagowa, 'Yar Maraɗi tana hannunsa bai ma san ya ɗauko ta ba. Sai hannun ya ɗaga sama, yatsa ya matsa. "Tit." Ashirin da shida ƙasa da sifiri. Ya ce ta lalace. Ya auna bango, talatin da ɗaya. Ya auna randa, ashirin da biyu. Ya sake ɗagawa inda babu ko ɗigon gajimare, nesa da rana, ta sake ba shi ashirin da shida ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na ƙanƙarar da ake sayarwa a bakin tasha. Ga gumi yana bin wuyansa, ga wannan sanyi a bisa kansa, kullum yana can, shekara da shekaru, bai sani ba. Wani tunani ya zo masa game da Sa'adatu, ko cikin sanyin nan ta tafi, ya yi istigfari ya kore shi, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

'Yarsa Mufida, wadda ke koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a Katsina, ita ta warware masa, don ta ga kwana biyu ba ya son fita tsakar gida.

"Baba, ba aljanu ba ne, kuma ba ta lalace ba," in ji ta. "Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani haske da ido ba ya gani. Goshi yana fitarwa, bango yana fitarwa, ƙasar da ta sha rana tana fitarwa ta aika sama. Wannan hasken take gani. Iskar da ke bisanmu kuma ba fanko ba ce. Akwai tururin ruwa a ciki, akwai iskar kabon, irin wadda ke fita daga salansar motocin nan da murhun itace. Su biyun suna shanye hasken ɗumin nan, su riƙe shi, su maido da wani ƙasa. Ba don su ba, da kullum sai gari ya waye mana a daskare."

"To ita mi ya sa take ganin sanyi?" in ji Malam.

"Akwai wata 'yar kafa da ba su toshe ba, ta nan take leƙawa. In iska ta bushe kamar yanzu, kafar a buɗe take, sai ta hango sanyin can sama. Bari iskar damina ta taso daga kudu da tururinta, kafar ta tsuke, za ka ga lamba ta hau tun kafin ka ga hadari."

Ta ƙara masa da gargaɗi, kuma saboda gaskiya dole a rubuta shi a nan. Ta ce a cikin hasken rana akwai wani mai ƙuna, shi ma ido ba ya ganinsa. Can sama da nisa akwai wata iska da ake kira ozon, ita take shanye mafi yawansa, shi ya sa ake iya noma da rana tsaka a rayu. Amma ragowar da ke sulalowa shi yake sa leda ta ruɓe a kan danga, ya koɗar da tufafi a igiya, ya sa wa tsofaffi yana a ido. "Idonta roba ne, Baba. Kada ka riƙa barin ta a rana." Malam ya gyaɗa kai irin na iyaye in 'ya'yansu suna musu wa'azi.

Nan aikinta na biyu ya fara, wanda ya fi na farko suna. Kullum da safe Malam zai fito, ya juya wa rana baya, ya ɗaga hannu, ya rubuta lamba a wani littafin 'yan makaranta. Shekarar farko shi kaɗai yake abinsa, maƙwabta suna cewa rashin mata ya taɓa shi. Amma ya ga abin da Mufida ta faɗa. Duk tsawon rani lamba tana ƙasa da sifiri, sai a ƙarshen bazara ta fara rarrafowa, ta tsallake sifiri, ta kai takwas, ta kai goma, sama kuma tas babu komai. Bayan kwana biyar ko bakwai sai ruwa ya sauka, na gaske, mai cika kwata.

Magana ta fita. Manoman yankin nan suna yin binne, wato su zuba irin gero a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, don ya tsiro da ruwan farko ya riga ciyawa. Caca ce kowa ya sani. In ka yi da wuri, tururuwa da zafin yashi su cinye. In yayyafi kaɗai ya samu, iri ya tsiro, rana ta ƙone shi, ka rasa iri ka rasa shuka. A da in haka ta faru sai a sake. Yanzu kuwa, da daji ya zama abin da ya zama, zuwa gona ba abin da ake yi sau biyu ba ne, mutum zai tafi ne yana waiwaye, ya dawo yana godiya. Shi ya sa ranar kasuwa za ka ga babura daga Bugaje da Riko a ƙofar Malam, an gaisa, an tambayi iyali, sannan a yi ƙasa da murya a ce, "Malam, mi ta ce?"

Shi kuwa kullum sai ya fara da sharaɗi. "Ni ban san gaibu ba, ita ma ba ta sani ba. Abin da ya riga ya iso take faɗi. Ruwa na Allah ne." Damina huɗu ba ta ba shi kunya ba. Aka fara kawo masa dami da kaka, yana cewa a bari, yana nuna inda za a ajiye.

A cikin masu zuwa akwai Fatu, ƙanwar Sa'adatu uwa ɗaya uba ɗaya. Daga Garin Maɗugu take, wani ƙauye can bayan Bugaje, wanda yau babu kowa a cikinsa sai kangaye. Ranar da suka gudo ta rasa mijinta, ta rasa rumbu, ta fito da 'ya'ya uku da ƙullin irin gero a bakin zane. Geron garinsu ne, gajere, mai saurin nuna, mai zaƙi a fura, wanda kakanninta suka riƙa zaɓen zangarniyarsa shekara bayan shekara, ba a sayar da shi a kowace kasuwa. Aka ara mata wata 'yar gona a hanyar Riko, tana shukawa, tana ware iri. Bara gonar ba ta yi ba, yunwa ta ci rabin abin da aka ware. Bana abin da ya rage na geron Garin Maɗugu, a iyakar sanin kowa, tiya ɗaya ce a cikin wata tukunya a ƙarƙashin gadon Fatu.

Yanzu sai maganar jinya, kuma Malam ya ce a rubuta ta ba ragi.

Ciwon ya daɗe yana cin ta. Malam mutum ne mai mantuwa. In ya gama awo sai ya ɗora ta a kan katanga, idonta sama, ya tafi gaisawa da wani, ya dawo bayan azahar. Hasken nan mai ƙuna da ya tsallake ozon ya yi ta aikinsa a hankali. Idon da yake garau ya koma ruwan ƙwai, ya yi ƙananan tsage kamar tsohon kofin roba. Kowace shekara lambar rani tana ƙara hawa a littafi: ashirin da shida ƙasa da sifiri ta koma goma sha tara, ta koma goma sha ɗaya. Malam bai ga laifinta ba, ya ga laifin sama. Ya ce hayaƙin motoci ne ya toshe kafar, har ya riƙa zuwa wurin mai shayi yana yi wa direbobi faɗa a kan barin inji yana aiki a banza, suna ba shi haƙuri suna ƙyafta wa juna ido. Mufida ta ce duniya tana ɗumama da gaske, amma ba da wannan gudu ba, ya kawo ta duba. Ya ce ba komai, ya mayar da ita aljihun ƙirji, inda ya koma ajiye ta a 'yan shekarun nan.

A makon ƙarshe na watan Mayu, ranar Litinin, ta ce goma sha biyu sama da sifiri. Malam ya yi murna, ya ce laima ta iso. Talata ta ce goma sha tara, ya ɗan yi jim. Laraba ashirin da takwas. Ranar Alhamis ya fito, sama fayau babu ko gashin gajimare, iska busasshiya tana fasa leɓe, ya zaro ta daga aljihu, ya ɗaga hannu.

"Tit."

Talatin da biyar.

Ya juya gabas, ya juya yamma, ya miƙa hannu sama iya tsawonsa. Talatin da biyar. Malam ba jahili ba ne, shekara biyar yana wannan aiki. Ya san ko ranar da hadari ya haɗu baƙi ƙirin har yana taɓa kan bishiya, sama ba ta taɓa kaiwa nan ba. Lambar nan ba ta sama ba ce. Lambar goshi ce, goshin mai lafiya, kuma ya san wane goshi ya zo masa a rai. Ya tsaya a tsakar gida hannu a sama, yana ji kamar in ya ɗan ƙara miƙewa zai taɓa wani da ya sunkuyo yana kallonsa. Bai yi istigfari ba wannan karon. Ya yi ta matsa kunama har hannun ya gaji, tana ta ba shi amsa ɗaya, hawaye suna bin gemunsa. Rabonsa da jin daɗi irin na wannan safiya tun kafin Sa'adatu ta kwanta.

Ranar Juma'a Fatu ta zo, ta durƙusa daga bakin zaure, ta gaishe shi.

"Malam, mi ta ce? An ce mani laima ta iso. Ni dai tiya guda gare ni, ka sani. In ka ce in dakata, in dakata."

Kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya ce ta lalace, da Fatu ta koma ta jira ruwa kamar kowa. Amma in ya ce ta lalace, to ƙarya take yi, in kuwa ƙarya take yi, babu kowa a sama sai sanyin nan. Ya dubi fuskar Fatu, wadda goshinta da na yayarta ba su da bambanci, ya ce:

"Sama ta yi ɗumi, Fatu. Ban taɓa ganin ta yi ɗumi haka ba."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Gobe sai mu shiga."

Ranar Asabar ita da 'ya'yanta suka binne tiyar nan duka, ba su rage ko tafin hannu ba. Wasu da suka ga Fatu ta shiga gona su ma suka shiga. Malam kuwa kullum da safe yana tsakar gida, hannu a sama, yana karɓar talatin da biyar ɗinsa, ya daina ma rubutawa a littafi.

Bayan kwana biyar wani ɗan gajimare ya ratso daga gabas, ya yi yayyafi wanda bai cika kwano ba, ya wuce. Ya isa ya tayar da iri, bai isa ya raya shi ba. Geron Garin Maɗugu ya fito layi-layi, kore shar, Fatu har ta aiko wa Malam da fura. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana goma, tsiron ya naɗe ganye. Kwana goma sha biyar, ya kwanta. A kwana na ashirin da ɗaya, in ka murza shi a yatsa sai ya zama gari. Waɗanda suka shuka irin kasuwa za su koma kasuwa. Fatu ba ta da kasuwar da za ta je.

Mufida ta iso ranar Litinin da ta wuce, ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ranar Talata da safe ta aika aka sayo ƙanƙara, ta ce ya auna. Talatin da biyar. Ta ɗora buta a wuta har ta tafasa, ta ce ya auna. Talatin da biyar. Ta karɓe ta daga hannunsa, ta ajiye a kan murfin randa a inuwa, suka jira har kusan awa guda, sannan ta ɗauka ta matsa. Ashirin da tara.

"Ta makance, Baba," in ji ta. "Ba abin da ke wuce idon nan. Kanta take aunawa. Talatin da biyar ɗin nan ɗumin ƙirjinka ne, inda kake ajiye ta."

Malam ya miƙa hannu. Sannan ya karɓa, ya buɗe mariƙin, ya zare batir da hannunsa. 'Yar Maraɗi ba ta sake cewa "tit" ba.

Marigayiya ta bar jakarta ta baƙin yadi wadda zif ɗinta ya mutu tun shekarar Korona, da batir guda mai sauran ƙarfi, da littattafan awo uku da rabi, waɗanda na farko da na biyu gaskiya ne, sauran kuma sai a yi hattara da su. Ta bar rediyo da tocila, abokan zamanta a kan taga, su ma ba lafiya ce ta ishe su ba. Ta bar Habibu direba, wanda ya kawo ta ƙasar nan, in saƙon nan ya riske shi a Maraɗi ko a hanya. Ta bar dubban goshi a ƙasashe biyu waɗanda ba su san ta rasu ba. Ta bar mai ita, wanda tun ranar Talata in zai ratsa tsakar gida sai ya sunkuyar da kai.

Malam Zunnuraini yana roƙon kada kowa ya zage ta. Ta yi gaskiya muddin tana gani, da ta makance kuma ta faɗi abin da ke kusa da ita, bai zama laifi ba. Wanda ya san ta makance ya yi shiru shi ne mai laifi, kuma sunansa yana saman takardar nan. Yana neman gafarar mutanen Bugaje da na Riko da suka shiga gona a kan maganarsa, suka sa ransu a hanya a banza.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gidansa, daga bayan la'asar zuwa magariba, har kwana uku. Kada a kawo goro, kada a kawo abinci. Amma in akwai wani ɗan Garin Maɗugu, a Jibiya yake, ko Katsina, ko ya tsallaka Maraɗi, wanda ya fito da geron garinsu, ko cikin cokali ne, ko wata tsohuwar zangarniya ce da aka soke a rufin ɗaki aka manta, don girman Allah ya kawo. Ba gidan Malam zai kai ba, gidan Fatu zai kai. An tambayi gida goma sha huɗu zuwa yanzu, ba a dace ba.

Game da jana'iza, Malam ya so a binne ta a gonar da ta kashe. Ya je da kansa, ya cire takalmi a bakin gona, ya faɗa wa Fatu duk abin da aka rubuta a nan, har da wanda bai taɓa faɗa wa 'yarsa ba. Ta saurara har ya gama, tana murza busasshen tsiro a hannu.

"Ni ma ina mafarkin Sa'adatu, Malam," in ji ta. "Amma ban taɓa ba ta abincin ɗiyana ba." Sannan ta ce, "Yahewa in sha Allahu zan kai can, ban dai kai ba tukuna. Ka bizne abarka nan inda geron ya mutu, ban hana ba. Sai dai ba cikin busasshiyar ƙasa ba, ta ishe ni haka. Ka tona da hannunka, ba da hauya ba, yadda tsohonmu ke yi kahin shi ce a ɗauko iri. Inda ka iske laima, nan za ka aje ta."

Ya ce ya yarda.

Ya fara tonon jiya bayan sallar asuba. Ya wuce wuyan hannu, ya wuce gwiwar hannu, yashi yana komawa yana sake kwashewa. A lokacin da ake rubuta wannan sanarwa yana kwance rub da ciki a tsakiyar gonar, dattijo mai shekara sittin da uku, kafaɗarsa a bakin rami, 'Yar Maraɗi tana gefe a cikin jakarta, abin da yake damƙowa kuma har yanzu zubewa yake ta tsakanin yatsunsa. Fatu tana zaune a gindin aduwa tana kallonsa, ta kawo masa ruwan sha sau biyu, ba ta ce ya daina ba.

Jana'iza sai ya taɓa laima. Masu niyyar halarta kada su yi sauri.